Yadda Ake Gane Ko Kwatancen Kayan Aikin da Ka Rubuta wa Wakilin AI Yana da Inganci

Koken da ya fi yawan zuwa mini daga masu haɗa wakilan AI, wato manhajojin AI da ke kiran wasu ƙananan manhajoji (kayan aiki) su aiwatar da aiki, kusan iri ɗaya ne: "Na ba shi kayan aiki, kowanne yana tafiya lafiya idan na gwada shi da hannuna, amma shi sai ya ɗauki wanda ba shi ba, ko ya cike gurbi da abin da ya ga dama." Daga nan sai a ɗora wa samfurin, wato AI ɗin da wakilin ke tunani da shi, laifi, a fara neman wani mafi girma. A mafi yawan waɗanda na duba, matsalar tana cikin 'yan jimlolin da aka rubuta a gaban kowane abin aiki.

Wakilin ba ya ganin kod ɗinka. Abu uku kawai yake gani: sunan abin aikin, kwatancensa, da tsarin guraban da zai cike. Ɗan aike ne da ka miƙa wa takarda ka rufe ƙofa, ba shi da hanyar dawowa ya ce maka "me kake nufi a nan?" Saboda haka ba a auna kwatance da daɗin karantawa. Ana auna shi da abin da ɗan aiken ya je ya aikata. Matakan da ke ƙasa hanyar ganin wannan ne da idonka.

## Abin da za ka tanada

Kana buƙatar wurin gwaji mai ɗauke da bayanan bogi, inda kuskure ba zai taɓa kowa ba. Sai jadawali, Excel ko Google Sheets ya isa. Sai asusun API (ƙofar da kod ɗinka ke bi ya yi magana da samfuri) na samfurin da za ka yi aiki da shi a zahiri, ka sanya masa iyakar kashewa. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi rainawa: mutum ɗaya da ya iya karatu da tunani amma bai san komai game da aikin ba. Idan kayan aikinka ba su wuce 20 ba, ka ware kwana biyu. Rabin lokacin zai tafi ne a rubuta tambayoyin gwaji.

Zan riƙa misali da wakili mai amsa wa masu sayayya ta intanet, wanda aka ba kayan aiki huɗu: `nemo_oda`, `duba_oda`, `soke_oda` da `mayar_da_kudi`.

## 1. Ciro abin da wakilin yake gani

Kada ka buɗe fayil ɗin da ka rubuta kwatancen ka ce ka gani. Ka ciro ainihin abin da ake aika wa samfurin. Idan kana aiki da MCP, tsarin jona wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, ka aika buƙatar `tools/list` ko ka buɗe manhajar dubawa ta MCP Inspector ka kwafe jerin. Idan kuma kai tsaye kake kiran API, ka buga ɓangaren `tools` na buƙatar kafin ta fita.

Dalili shi ne yawancin manhajojin haɗa wakilai su suke ƙera kwatancen daga sharhin da ke cikin kod, kuma a hanya abubuwa suna zubewa. Na taɓa zama da wani abokin aiki muna ta gyaran bayanin guraba har yamma, babu abin da ya sauya. Da muka buga buƙatar sai muka ga layin farko na sharhin kaɗai ke isa, duk sauran ana yanke shi. Wuni guda muna gyaran takardar da ba a kai wa ɗan aike ba.

Hattara: sunan abin aiki yana da ƙa'ida. OpenAI da Anthropic duk suna karɓar haruffan a zuwa z manya da ƙanana, lambobi, da alamomin `_` da `-` kawai, kuma a OpenAI iyakar tsawon suna haruffa 64 ne. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ ba sa shiga suna. Shi ya sa ka ga na rubuta `mayar_da_kudi` da d mara lanƙwasa. A cikin kwatance kuwa babu laifi.

## 2. Ba baƙo ya karanta

Ka buga jerin a takarda ka miƙa wa mutumin nan da bai san aikin ba. Kada ka yi masa ƙarin bayani ko na kalma ɗaya, ko da ya ɗago ya kalle ka. A kan kowane abin aiki ya amsa tambaya biyar a rubuce:

1. Me wannan abin yake yi?
2. Yaushe zan ɗauke shi?
3. Yaushe ne bai kamata in ɗauke shi ba?
4. Me zai dawo mini da shi?
5. Idan na kira shi, akwai abin da zai sauya a duniya, kuma ana iya mayar da shi yadda yake?

Duk inda ya tsaya ya ce "ya danganta", ko ya yi hasashe, ka ja layi. Nan ne wakilin ma zai yi hasashe, sai dai shi ba zai ɗago ya nuna maka ya rikice ba, zai wuce ne da ƙarfin gwiwa.

Ba za ka iya yi wa kanka wannan matakin ba. Kai ka gina abin, ƙwaƙwalwarka tana cike giɓin ba tare da ka sani ba. Ka rubuta "Yana nemo oda" ka ga magana ta cika, domin ka san cewa da imel ake nema, ka san 20 kawai yake dawowa da su, ka san ba ya ganin wadda ta wuce shekara biyu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan takardar. Kwatanta shi da wannan:

"Yana nemo duk odar da mai saye ɗaya ya yi, ta adireshin imel ɗinsa, ya dawo da 20 na baya-bayan nan, kowace da lambarta, ranarta da matsayinta. A yi amfani da shi idan ba a san lambar oda ba. Idan an sani, a kira `duba_oda`. Ba ya nuna kayan da ke cikin oda, kuma ba ya ganin wadda ta wuce shekara biyu. Idan ya dawo babu komai, ma'anarsa babu oda a ƙarƙashin wannan imel ɗin, ba matsala ce ta faru ba."

Jagorar Anthropic ga masu gina kayan aiki tana ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kwatance, fiye da haka idan abin yana da sarƙaƙiya. Ni dai ban fiye ƙirga jimla ba. Tambayoyin nan biyar nake bi, kuma ta uku da ta biyar su ne ake yawan barin su babu amsa.

Hattara: kalmomin cikin gida su ne tarkon da ya fi kama mutane. Idan a ofishinku kowa ya san me ake nufi da "oda mai ja" ko wani gajarce, baƙo bai sani ba, wakili ma haka. Ko ka fassara ta a wurin, ko ka cire ta.

## 3. Bi guraba ɗaya bayan ɗaya

Guraban da wakili ke cikewa ana fayyace su ne da JSON Schema, wato ƙa'idar rubuta tsarin bayanai, kuma kowane gurbi yana da nasa filin `description`. Mutane sukan ƙawata babban kwatance su bar waɗannan fayau. A kowane gurbi ka duba abubuwa kamar haka.

Sunan ya faɗi abin da ake so? Gurbi mai suna `user` na iya nufin suna, imel ko lamba. `user_email` ba ya barin shakka.

An faɗi siga? Kwanan wata shi ne sarkin rikici: 03/04/2025 wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris. Ka rubuta cewa siga ta ISO 8601 ake so, ka ba da misali, 2025-04-03. Idan akwai lokaci, ka faɗi agogon wane yanki. Idan adadi ne, ka faɗi ma'auni: gram ko kilo, daƙiƙa ko minti, babban kuɗi ko ƙaraminsa.

Idan zaɓin ƙayyadadde ne, an sa `enum`, wato jerin zaɓin da aka yarda da su? Gurbin matsayin oda da ke karɓar kalmomi huɗu kacal bai kamata a bar shi a buɗe ba. Jera su a cikin tsarin ya fi jera su a cikin zance ƙarfi, domin ana iya tilasta shi.

Daga ina ake samo abin da za a sa? Wannan ne ake mantawa. Idan `soke_oda` yana buƙatar lambar oda, ka rubuta cewa daga sakamakon `nemo_oda` take zuwa ko daga bakin mai saye, kuma idan babu ita a tambaya.

Hattara: ka duba jerin `required`, wato guraban dole, da idon basira. Duk gurbin da ka wajabta, kana tura wakilin ne ya sa wani abu a ciki. Idan ba shi da abin sawa kuma ba ka ce masa ya tambaya ba, yakan ƙirƙiro lamba mai kama da ta gaske. Haka kuma gurbin da ba dole ba, ka faɗi abin da zai faru idan aka bar shi.

## 4. Jera tagwaye

Ka ɗauki kayan aikin biyu-biyu, ka tambayi kanka: akwai buƙatar da za ta iya faɗawa kan kowannensu? `nemo_oda` da `duba_oda` tagwaye ne. `soke_oda` da `mayar_da_kudi` ma haka, domin mai saye da ya ce "ba na son kayan nan kuma" bai faɗi wanne yake nufi ba. Kowane kwatance na iya zama mai kyau shi kaɗai amma su rikita wakili idan suka haɗu. Maganin shi ne kowannensu ya ambaci ɗan uwansa da suna: sokewa kafin a aika kaya, mayar da kuɗi bayan sun isa. Idan ka kasa rubuta jimla ɗaya da ta raba su, to abin aiki ɗaya ne aka raba biyu, ka haɗe su.

Rubuta jerin tagwayen ka ajiye, za ka buƙace shi yanzu.

## 5. Rubuta tambayoyin gwaji

Duk abin da ya gabata duba ne da ido. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Daga nan ake fara awo, kuma awon ba zai fi tambayoyin da ka rubuta kyau ba.

Ka fara da 40. A jadawalinka kowace tambaya ta samu layi: abin da mutum ya ce, abin aikin da ya dace a kira, abin da ya dace a sa a guraba, da abin da ya kamata ya kasance a ƙarshe. Ka cike waɗannan kafin ka gudanar da komai. Idan ka bari sai ka ga amsar wakilin, zuciyarka za ta riƙa nema masa uzuri.

Ga yadda nake raba su. Kusan 10 masu sauƙi, inda hanya ɗaya ce a fili. Kusan 10 da aka ɗana su a kan iyakar tagwaye. Wajen 8 masu buƙatar kira biyu ko uku a jere, kamar "ku soke abin da na saya jiya" inda sai an nemo kafin a soke. Wajen 6 da bayani bai cika ba, inda amsa daidai ita ce wakilin ya yi tambaya. Sauran 6 kuma waɗanda bai kamata a kira komai ba, kamar gaisuwa, ko buƙatar da babu abin aikin da ke biya mata.

Kashi biyun ƙarshen nan ina so ka ɗauke su da muhimmanci. Wanda ya gwada kawai ko wakili yana kiran abin aiki idan ya dace, zai ƙare da kwatance masu ihu, kowanne yana cewa a ɗauke ni, kuma ba zai ga ɓarnar ba sai ranar da wani ya tambayi ƙa'idar mayar da kaya aka soke masa oda. Ko ma'aunin Berkeley Function Calling Leaderboard, na masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana da rukuni na musamman da ke duba ko samfuri zai ƙi kira idan babu abin aikin da ya dace.

Ka samo lafazin tambayoyin daga mutanen gaske idan da hali, bayan ka goge sunaye da lambobinsu. Mutane ba sa magana kamar kwatance. Suna gajarta, suna kuskuren rubutu, suna haɗa buƙata biyu a saƙo ɗaya, suna cewa "wancan na rannan". Idan masu amfani da wakilinka da Hausa za su rubuto, ko suna gauraya ta da Turanci, tambayoyin ma su zama haka, har da masu rubuta "kudi" da masu rubuta "kuɗi".

Hattara: kada ka rubuta tambaya kana kallon kwatance. Za ka ari kalmominsa, wakilin ya ci gwajin ta hanyar haɗa kalma da kalma, ka yi murna a banza. Haka idan ka sa AI ya rubuta maka tambayoyin daga kwatancen. Idan za ka nemi taimakonsa, ka ba shi labarin aikin da irin mutanen da ke zuwa, ka ɓoye masa jerin kayan aikin.

Kafin ka wuce, ka cire 10 daga cikin 40 ɗin, daga kowane kashi, ka kulle su a wani fayil. Ba za ka taɓa su ba sai a mataki na 9.

## 6. Gudanar, ka maimaita

Ka ba wakilin duk kayan aikin tare, kamar yadda zai same su a bakin aiki, da umarnin tsarin da zai yi aiki da shi, wato babban umarnin da ake ba shi kafin a fara hira. Kowace tambaya a sabuwar hira. Kowace a maimaita ta sau 5, domin samfuran nan ba sa ba da amsa ɗaya kullum, ko da an sauke `temperature`, saitin da ke rage ko ƙara bambancin amsa, zuwa sifili. Ka adana komai: abin da ya kira, abin da ya sa a guraba, abin da ya dawo, da abin da ya faɗa.

Hattara: ka tabbata `soke_oda` da `mayar_da_kudi` suna nuni ga wurin gwaji ne. Ka duba sau biyu. Kuma bayan kowane zagaye ka mayar da bayanan bogin yadda suke, in ba haka ba odar da aka soke a gwaji na farko za ta ɓata na biyu.

## 7. Ba da maki a gida huɗu

Kada ka tsaya a "ya ci" ko "ya faɗi". Ka raba maki huɗu, domin kowanne yana nuna wurin gyara daban. Zaɓi: ya ɗauki abin aikin da ya dace, ko ya ƙi ɗauka inda ya dace ya ƙi? Wannan na suna da babban kwatance ne. Cikawa: guraban sun yi daidai? Wannan na bayanin guraba ne. Tsari: ya bi jeri daidai ba tare da kira na banza ba? Sakamako: a ƙarshe an soke odar da ta dace, ita kaɗai?

Biyun farko kod zai iya duba su. Na huɗu ka duba shi a cikin bayanan wurin gwajin, kada ka yarda da bakin wakilin, domin yakan ce "an soke" alhali kiran ya faɗi.

Tambayar da aka ci 5 cikin 5 ta wuce. Wadda aka faɗi duka biyar tana da sauƙin gyara, akwai abin da ya ɓace a fili. Masu 3 cikin 5 su ne abin tsoro, nan kwatancen yana ɗaukar fassara biyu. Kuma kada kashi 95 cikin 100 ya ruɗe ka. Idan kowane kira yana da damar 95 cikin 100 na yin daidai, aikin da ke buƙatar kira 10 a jere zai kammala lafiya ne kusan sau 60 cikin 100 kacal.

## 8. Zauna ka karanta inda ya faɗi

Maki yana gaya maka cewa an faɗi, ba ya gaya maka dalili. Ka buɗe kowace hira da ta lalace ka bi ta layi-layi. Wannan ne mataki mafi gajiyarwa kuma shi ne mafi amfani, gani ya kori ji.

Ga irin abin da ake gani. Mai saye ya ce, "Kayan da na saya jiya, ku dakatar da su." Wakilin ya kira `nemo_oda` ya sa kalmar "jiya" a gurbin rana. Abin aikin ya dawo da "Error 400", babu ƙari. Ya sake kira, wannan karon da 14/05/2025. "Error 400" kuma. A karo na uku ya cire ranar gaba ɗaya, ya samu oda uku, ya ɗauki ta sama ya soke. Ta sama kuwa ta yau da safe ce.

Kurakurai uku ne a wannan 'yar hirar, kuma babu wanda yake na samfurin shi kaɗai. Gurbin rana bai faɗi siga ba. Saƙon kuskuren bai koyar da komai ba. Da ya ce "rana ta zama a siga 2025-05-14" da an wuce wurin tun a kira na biyu. Sannan kwatancen `soke_oda` bai ce sokewa ba ta komawa ba, bai kuma ce a tabbatar da mai saye idan oda ta fi ɗaya ba. Ka lura da na tsakiyan: abin da kayan aiki ke dawowa da shi, har da saƙon kuskure, ci gaban kwatance ne, domin shi ma wakilin karanta shi yake yi ya yanke shawara. Ka auna shi tare da sauran.

A gaban kowace faɗuwa ka rubuta dalili cikin 'yan kalmomi. Bayan 20 ko 30 za ka ga dalilan sun taru gida uku ko huɗu. Ka fara da mafi yawa, sai dai idan akwai wanda ke jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa, shi ne kan gaba ko sau ɗaya ya bayyana.

Hattara: kana iya tambayar wakilin dalilin zaɓinsa, kuma wani lokaci yana nuna maka jimlar da ta rikita shi. Amma ka ɗauki amsar a matsayin abin bincike, ba hujja ba. Samfuri ya iya tsara dalili mai daɗin ji bayan aiki ya wuce.

## 9. Gyara abu ɗaya, ka sake aunawa

Ka sauya abu ɗaya, ka sake gudanar da tambayoyi 30 ɗin duka, ba waɗanda suka faɗi kaɗai ba. Jimlar da ka ƙara wa `duba_oda` tana iya janye masa aikin `nemo_oda`. Idan ka sauya abu biyar a tare maki ya hau, ba ka san wanne ya yi aiki ba, kuma wataƙila biyu daga ciki ɓarna suka yi. Ka ajiye kowane sauyi a Git, manhajar adana tarihin sauye-sauye, tare da makinsa.

Akwai gyaran da nake roƙonka ka guje masa: rubuta DOLE da KADA da manyan baƙaƙe. Yakan rufe ɓaraka ɗaya ya buɗe wata, wakilin ya koma kiran abin a inda bai dace ba. Faɗin dalili ya fi. "A tabbatar da mai saye kafin a kira, domin sokewa ba ta komawa" yana ba shi abin da zai yi hukunci da shi a yanayin da ba ka hango ba. Haka misalai: idan ka sa guda ɗaya, yakan manne masa ya riƙa kwaikwayonsa, don haka ka sa biyu masu bambanci ko ka bari.

Idan maki ya daina hawa, ka buɗe fayil ɗin nan na tambayoyi 10. Idan sakamakonsu ya yi kusa da na 30 ɗin, gyaranka na gaske ne. Idan ya yi ƙasa sosai, ka koya wa kwatancen amsar jarrabawa ne kawai, sai ka koma ka cire duk jimlar da ka rubuta domin tambaya guda. Ka tuna 10 kaɗan ne, tambaya ɗaya tana motsa maki da kashi 10 cikin 100, saboda haka babban giɓi ne abin dubawa. Da zarar ka buɗe su kuma sun tashi daga kulle, ka rubuta sababbi.

## 10. Lissafa nauyin

Duk kwatancen ana aika su tare da kowace buƙata, kuma ana cajin su a matsayin tokin shiga, wato gutsattsarin rubutun da ake ƙirga kuɗi da su. A ce kana da kayan aiki 20, kowanne tokin 250, 5,000 ke nan kafin mutum ya ce uffan. Idan aiki ɗaya yana ɗaukar zagaye 8, an kai 40,000. Gwajin tambayoyi 40 sau 5 kuwa, hira 200, zai ci miliyan 8 a kwatance kaɗai. Ka ninka da farashin samfurinka na yanzu kafin ka danna. Adana farkon buƙata don kada a sake sarrafa shi kowane karo, wanda OpenAI da Anthropic ke bayarwa, yana rage wannan kuɗin sosai, amma duk sauyin da ka yi wa kwatance yana rushe abin da aka adana. Rubutun Hausa kuma yakan ci tokin fiye da Turanci mai ma'ana ɗaya, don haka idan kana tunanin wane harshe za ka rubuta kwatance da shi, ka gudanar da gwajin da kowanne ka kwatanta maki da nauyi.

Idan kana son rage tsawo, ka cire jimla ɗaya ka auna. Maki bai motsa ba, ta tafi. Amma rage yawan kayan aikin da ake nuna wa wakili a lokaci guda ya fi rage kalmomi tasiri.

## 11. Kwatancen da ba kai ka rubuta ba

Idan ka jona sabar MCP ta wasu, wato manhajar da ke samar wa wakili kayan aikinsu, kwatancensu yana shiga kunnen wakilinka kamar naka. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin kwatancen abin aiki mai kama da mara illa, na haɗa lambobi biyu, wanda ke sa wakili ya karanta fayilolin sirri na kwamfutar mai amfani ya tura su ta wani gurbi. Mai amfani yana ganin gajeren suna a allonsa, samfurin yana karanta cikakken rubutun.

Don haka ka karanta cikakken kwatancen kowane baƙon abin aiki kamar yadda ka yi a mataki na 1. Abin zargi: umarnin da bai shafi aikin ba, ambaton fayil ko mabuɗin sirri, cewa kada a gaya wa mai amfani, ko magana a kan yadda za a yi amfani da wani abin aiki na daban. Alamomin da MCP ya tanada irin `readOnlyHint` (karatu kawai yake yi) da `destructiveHint` (yana iya gogewa ko lalata abu) suna da amfani, amma mai sabar ne ke rubuta su, kuma ƙa'idar MCP da kanta ta ce kada a amince da su sai daga sabar da aka yarda da ita.

Hattara: kwatancen da ka karanta yau yana iya sauyawa gobe ba tare da an sanar da kai ba. Ka adana kwafinsa, ka sa kod ya riƙa kwatanta shi da abin da `tools/list` ke dawowa da shi duk lokacin da aka haɗu, ya tsaya idan ya ga bambanci. Idan hakan ta faru, ko ka sauya samfuri, ko ka ƙara abin aiki ko da guda ɗaya ne, ka koma mataki na 6 ka sake gudanar da tambayoyin duka.